Saiwar Sin da Saƙe-saƙin Bakin Kainji

A lardin Sichuan na ƙasar Sin, a filayen da ke kewaye da garuruwan Pengzhou da Dujiangyan, akwai manoman da amfanin gonarsu ba na tukunyar tuwo ba ne. Wani tsiro suke nomawa, ɗan gidan su karas, wanda dukiyarsa ke cikin ƙasa: dunƙulallen tushe mai gaɓa-gaɓa kamar citta, mai ƙamshi mai hawa kai, ga yaji ga ɗan ɗaci. Sunansa chuanxiong, kuma gaɓar farko ta sunan daga sunan lardin aka ciro ta, domin a san inda na ƙwarai yake fitowa. Kusan shekara 2,000 ke nan da aka ambace shi a tsohon littafin magungunan da Sinawa ke jinginawa ga Shennong. Masu maganinsu na cewa aikinsa motsa jini da korar iska (iskar tasu ta sanyin jiki ce, ba ta bori ba), suna ba da shi ga mai ciwon kai, da mace mai ciwon mara lokacin al'ada, da mai ciwon gaɓoɓi. Yana kuma cikin sauyoyi huɗu na wani sanannen haɗin mata da suke kira Siwu. Duk wanda ya san zaman gaban 'yar mai ganye a Warra ko Yelwa ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Mu ma da jini da iska da sanyi muka saba fassara ciwo.

Abin da ya kawo maganar bakin Tafkin Kainji shi ne, magungunan gargajiyar Sin sun daɗe da wuce manyan kasuwannin birni, sun iso na ƙauye: shayin rage teɓa, ƙwayar wanke jini, man zafi, da kwalaben da babu mai iya karanta rubutun jikinsu. Mai talla ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan na gargajiyar Caina ne, ba shi da illa." Daga nan mutane suka rabu biyu. Wasu na cewa ga shi nan, ƙasar da ke ƙera jirgin sama da wayar hannu ba ta yar da sauyoyinta ba, har asibitoci ta gina musu, to don me mu za mu riƙa jin kunyar sanya da tafashiya da rawaya? A bar masu magani su yi aikinsu, a kuma buɗe wa na Sin ƙofa. Wasu kuma, galibi ma'aikatan lafiya da suka gaji da karɓar mara lafiya bayan ƙoda ta riga ta lalace, na cewa da na Sin da na gida duk jirgi ɗaya ya kwaso su, a hana kawai. Ra'ayina shi ne kowane ɓangare ya kalli ƙasar Sin ya ga abin da yake son gani. Abin aro daga can ba saiwar ba ce. Ɗabi'ar rubuta sunan magani da awonsa da wanda bai kamata ya sha ba, ita ce ba mu da ita, kuma ko ita ɗin ba ta isa hujja ba sai an haɗa da gwaji.

Sai dai kafin a yi wa ɓangaren farko gardama, ya kamata a ba shi haƙƙinsa, domin hujjarsa mafi nauyi ba a littafi take ba, a ƙasa take. Tun da aka datse Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai da fadamu, aka tayar da mutum kimanin 44,000 zuwa sababbin matsugunai, rayuwar Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Sarkawa ta koma ta ƙetare ruwa. Mai ciwon da ke wani tungan masunta, tsakaninsa da asibitin Warra ko na Yawuri akwai kwalekwale da kuɗin mai da jiran gari ya waye. Idan ciwon ya fi ƙarfin nan, sai Birnin Kabi ko Sakkwato, tafiyar sa'o'i. Kuma ruwan ba wasa ba ne: babu wanda ya manta da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Warra a watan Mayun 2021 da mutum sama da 150, ya nutse, 'yan kaɗan suka tsira. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, idan ɗansa ya kwana da zazzaɓi, ba falsafa yake yi ba lokacin da ya jiƙa sassaƙen maɗaci. Abin da hannunsa ya kai gare shi ke nan. Ga kuma ilimin da ba a raina shi: maɗori da ke haɗa karaya, wanzami, ungozoma, Basarken da ake nema idan ƙayar kifi ta maƙale a wuya. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa a bakin kogi suna lura da abin da itace ke yi wa jiki ba za a ce duk wahalar banza suka yi ba.

Hujjarsu ta biyu ma mai ƙarfi ce, kuma daga Sin ta fito. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara yau a kowane asibiti da kemis na masarautar Yawuri, wadda Nijeriya ta mayar da ita maganin farko tun 2005 bayan kulorokwin ta daina ci, asalinta ganye ne na gargajiyar Sin mai suna qinghao, ɗan uwan tazargade. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na neman maganin zazzaɓi, a 1969 aka ba wata masaniya mai suna Tu Youyou jagorancin wata tawaga. Suka tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, suka shiga gwada ɗaruruwan tsame-tsame a jikin ɓeraye. Qinghao ya riƙa ba su sakamako yau da kyau gobe babu, sai da ta koma rubutun wani malami na ƙarni na 4, Ge Hong, ta lura cewa shi jiƙawa ya ce a yi a matse, bai ce a dafa ba. Ta gane zafi ke kashe ƙarfin maganin, ta sauya hanyar tatsa a 1971, aka dace. A 2015 ta sami kyautar Nobel. Wani abin sha'awa ga mutanen bakin Kainji shi ne, waɗanda ta raba kyautar da su, William Campbell da Satoshi Omura, su ne suka samo asalin ƙwayar da ake rabawa don makantar da ƙudan bakin kogi ke jawowa. Cututtuka biyu na gaɓar ruwa, kyauta ɗaya.

To, masu cewa a bar gargajiya yadda take sukan tsaya a nan, alhali a nan ne labarin ya juya musu baya. Cikin haɗe-haɗen nan sama da 2,000, duk na gado ne, duk akwai dattawan da suka rantse sun gwada sun gani, amma mafi yawan waɗanda aka sa gaban ƙwayar cutar ba su taɓuka komai ba. Tsufan magani bai raba mai ci da marar ci ba, gwaji ne ya raba. Kuma ko qinghao ɗin, ƙarfinsa na bambanta daga gona zuwa gona, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedi kan shan shi a matsayin shayi don zazzaɓi: abin da ke cikin kofi kan isa ya kwantar da zazzaɓin, ba lalle ya isa ya kashe cutar ba, ƙwayoyin da suka tsira kuma su ne ke koyon jure maganin. Mun ga ƙaramin misalin wannan a 2020, lokacin da Madagaska ta aiko da ruwan maganinta na korona, wanda aka haɗa da wannan ganye, jama'a suka yi rububin tazargade. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta duba ruwan maganin, ta ce ba ta ga shaidar yana warkar da korona ba. Ganye ɗaya ne, ya ci wata cuta, bai ci wata ba.

Mu koma ga chuanxiong, domin shi ke nuna abin da Sinawa suka fi mu da shi, da kuma iyakarsa. A ƙarni na 16 wani likita mai suna Li Shizhen ya kwashe kusan shekara talatin yana tattara magunguna, ya gama littafinsa a 1578 da magani 1,892, kowanne da sunayensa da siffarsa da inda yake fitowa da yadda ake sarrafa shi. Tun 1953 kuma gwamnatin Sin ke fitar da kundin magunguna na hukuma, ana sabunta shi lokaci-lokaci. A ciki an faɗi wane tsiro ne chuanxiong, yadda yankansa ya kamata ya kasance, mafi ƙarancin sinadarin da dole a samu a jikinsa, da awonsa, giram 3 zuwa 10. Likitocin gargajiyarsu na koya wa ɗalibi cewa a yi hattara da shi ga mai juna biyu da mace mai yawan zubar jini. Yanzu a kwatanta da namu. "A jiƙa da jar kanwa, a sha safe da yamma." Da wane ƙoƙo? Ludayin gidan wa? Saiwar da aka tono da rani da wadda aka tono da damina ƙarfinsu ɗaya? Kwana nawa jiƙon zai yi kafin ya zama wani abu dabam? Ba wai ba mu taɓa kama hanyar rubutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta ƙananan littattafai kan magani, har da ɗaya kan basir da ɗaya kan filasko. A 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya buga jerin sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya, shi ne ma aka sa wa itacen hano sunansa a littattafan masana. Amma aikin bai zama al'adar masu sana'ar ba. Ya tsaya a ɗakunan karatu, sana'a kuma ta ci gaba da tafiya a ka.

Duk da haka, rubutu ba waraka ba ne, kuma nan ne masu sha'awar kwalaben Sin ya kamata su yi taka-tsantsan. Masana sun tatso sinadarai daga chuanxiong, an ga wasunsu na buɗe hanyoyin jini da hana shi daskarewa a ɗakin gwaji, har ana yin allurar ɗayansu a asibitocin Sin ga masu shanyewar ɓarin jiki. Amma da masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, sai suka tarar ingancinsu bai kai a kafa hukunci da su ba. Wato bayan shekara 2,000 na amfani, da kundi, da awo, da gonaki, amfaninsa ga wannan babbar cuta bai tabbata yadda na maganin zazzaɓi ya tabbata ba. Ga kuma haɗarin da ke ciki. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala, kuma hawan jini na jawo kowanne. A ido, duk ɗaya suke: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa ce ke rarrabe su. Maganin da ke tsinka jini, idan ma ya taimaki na farko, na biyu ƙara masa zuba zai yi. Mai talla da lasifika a bakin tasha ba shi da hanyar sanin wanne ne ke kwance a gidan mai saye. Haka kuma wanda likita ya riga ya ɗora a kan ƙwayar tsinka jini saboda ciwon zuciya, idan ya haɗa da irin wannan saiwa, ya yi wa kansa awo biyu bai sani ba.

Ga mata abin ya fi tsanani. Kalmar "motsa jini" ta Sinawa tana da 'yan uwa a bakinmu: wanke mara, fitar da dattin ciki, sauko da al'ada. Zubar jini bayan haihuwa na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata a Nijeriya, kuma matar da ta haihu a tsibiri ba ta da ma'ajiyar jini kusa. Wadda al'adarta ta yi jinkiri ta sayi maganin sauko da ita, wataƙila ƙaramin ciki ne da ita. Kada kuma a ce ai abin da iyaye suka gada ba ya cutarwa. Likitocin Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa da zafin wankan jego na da hannu a ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Iyayen da suka ɗora 'ya'yansu a kai ƙauna ce ta sa su, amma ƙauna ba ta rage gishirin da ke cikin kanwa ba.

Maganar "ba shi da illa tunda na itace ne" ita ce ƙaryar da ta fi kowace tsada, kuma abin mamaki, mutanen bakin ruwa sun fi kowa sanin ƙarya ce. Masunci ya san abin da magimfa ke yi wa kifi idan aka daka aka zuba a ruwa. Maharbi ya san kwankwani, dafin kibiya, wanda daga danginsa ne Turawa suka taɓa tatso maganin zuciya. Kowa ya san zaƙami. Saiwar sanya, wadda ake yi wa kirari da uwar magunguna, in aka zarce da ita tana kisa. Itacen da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, ƙarfin ɗaya ne. Misalin da ya fi tayar da hankali ya faru a Burasel ta Beljiyam a farkon shekarun 1990. Wani asibitin rage ƙiba ya riƙa ba mata haɗin da ke da sauyoyin Sin. Wajen sayo kaya aka musanya wata saiwa da wata, saboda sunayensu a Sinanci sun yi kama, duk suna ƙarewa da fangji. Wadda ta shigo bisa kuskure 'yar gidan Aristolochia ce. Mata sama da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu daga baya ciwon daji ya kama musu hanyar fitsari. Sin da kanta ta haramta wannan saiwar a 2004. Abin da ya sa wannan ba labarin nesa ba ne: gidan Aristolochia na da ɗa a ƙasar Hausa, shi ne duman dutse, wanda wasu ke kira maɗacin ƙasa, kuma an daɗe ana shan saiwarsa don ciwon ciki. Gubar ba ta nuna kanta a ranar da aka sha. Sai bayan watanni ko shekaru ƙafa ta kumbura, a ce sammu ne ko sanyi, babu mai tuna jiƙon bara. Idan musanyar suna ta yi wannan ɓarna a wurin da ake rubutu, ina ga kasuwar da Bagunge da Bakambare da Bahaushe da Banufe kowa ke da sunan da yake kiran itace ɗaya, saiwar kuma ta zo a daddatse ko a dake?

Za a ce, to su masu farar riga ba sa kuskure? Suna yi, har a kan sauyoyinmu. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar sun gano tiramadol a cikin saiwar tafashiya da aka tono a arewacin Kamaru, duniya ta ɗauka, aka ce ga asirin da ya sa take kashe ciwo. Shekara guda bayan haka wasu masana daga Jamus suka bi sawu, suka nuna cewa manoma ne ke ɗura wa shanun huɗa tiramadol don su jure aiki, fitsarinsu da kashinsu su shiga ƙasa, saiwa ta tsotsa. Wanda ya so ya yi dariya ya yi. Amma a lura cewa kuskuren shekara ɗaya ya yi aka kama shi, saboda na farko sun rubuta abin da suka yi, na biyu suka iya bin diddigi.

Akwai ƙorafin da ya fi wannan zafi, kuma ba a share shi da hannu. Mutanen Arewa ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, wasu suka nakasa, shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin jihar. Ba su manta da maganin haƙoran jarirai na My Pikin ba, wanda ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009. Ga jabun ƙwayoyi a kemis. Wanda ya ce ya fi amincewa da tsohuwar da ya sani tun yana yaro a kan kwalin da bai san wanda ya yi shi ba, yana da dalili. Amsata ita ce a dubi alƙaluman nan da kyau: 200, 11, 84. Mun san su ne saboda maganin na da suna, da lambar kwali, da kamfanin da za a kai kotu, kuma an kai. Yaran da jiƙo mai ƙarfi ya tafi da su a tungaye fa, nawa ne? Babu littafin da aka rubuta su. Rashin lissafi shi ke sa gargajiya ta yi kama da marar laifi. Mai magani na tuna waɗanda suka dawo godiya da kaza, wanda bai dawo ba kuwa an ce kwana ya ƙare. Kwana na ƙarewa, gaskiya ne, amma addinin da ya koya mana haka shi ne kuma ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi wa mutane magani ba da sani ba.

Ɓangaren masu cewa a hana gaba ɗaya kuwa, gajeriyar amsa ta ishe su. Ba za ta hanu ba. Dokar da ta kori mai magani daga kasuwar Warra ba za ta gina asibiti a tsibiri ba, za ta tura shi zaure ne inda babu mai ganin abin da yake haɗawa, ta kuma sa mara lafiya ya riƙa ɓoye wa likita abin da ya sha, wanda shi ne bayanin da likitan ya fi bukata. Da Sin ta bi wannan shawara, da babu ƙwayar zazzaɓin da su kansu suke rubutawa kullum. Abin da ya kamata su matsa a kai shi ne a daina yaudarar jama'a da lambar NAFDAC. Yawancin magungunan gargajiya da ke ɗauke da lambar hukumar, wadda ke ƙarewa da harafin L, an duba ne ko suna da guba ta kusa, ba a tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa a jikinsu ba, kuma ana rubuta hakan a kwalin da ƙananan baƙaƙen Turanci. Mai talla ya san wannan, mai saye bai sani ba. Kwalba ɗaya da aka ce tana maganin basir da sanyi da suga da hawan jini da rashin haihuwa, ko daga Sichuan ta zo ko daga bayan gari, ta riga ta faɗi gaskiyar kanta.

Saura ƙorafin masu sana'ar kansu, wanda nake ganin ya fi na kowa cancantar a saurara. Magani gado ne, sirri ne, kuma shi ne abincinsu. In sun faɗi sunan saiwa da awonta, gobe wani mai digiri ya buga a takarda, jibi wani kamfani ya zuba a kwalba, su a bar su da tabarma. Wannan tsoro ba na banza ba ne, amma Nijeriya na da misalin wata hanya. Maganin sikila na Niprisan daga hannun wani mai maganin gargajiya na ƙasar Oyo ya fito, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya kai haɗinsa NIPRD aka yi yarjejeniya a rubuce cewa yana da rabo. Kayan haɗin ba baƙi ba ne a madafin Bahaushiya: akwai masoro, da kanumfari, da karan dafi. Aka gwada shi a kan masu sikila, aka ga yana rage yawan tashin ciwon, aka ƙaddamar da shi a 2006. Daga baya kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kasuwa shekaru, marasa lafiya suka sha wuya. Saboda haka labarin ba na nasara zalla ba ne. Amma abin da ya karye kasuwanci ne, ilimin bai ɓata ba, tunda an rubuta shi wani na iya ɗauka ya ci gaba. Sirrin da ke kan tsoho ɗaya a Ngaski kuwa, ranar da aka kai shi makwanci an kai har da shi, musamman yanzu da 'ya'yan gidan suka fi karkata ga haƙar zinariya da acaɓa.

Za a ce duk wannan aikin masu kuɗi ne, jihar da ke fama da albashi ina ta ga kuɗin gwaji irin na Sin? Babban gwaji na da tsada, haka ne. Matakin farko ba shi da ita. A ɗauki sauyoyi ashirin da aka fi saye a kasuwannin Warra da Yelwa da Shanga. A bi mai tonowa har gindin itacen, a ɗebo ganye da fure, masana tsirrai na jami'o'in Aliero ko Birnin Kabi ko Usmanu Ɗanfodiyo su tabbatar da ko wane ne, a rubuta sunansa da Hausa da Gunganci da Kambarci. A auna abin da masu magani ke kira "kaɗan" a kan sikeli. A tambaye su wa suke hana wa, domin nagari a cikinsu sun san wannan, ba a dai taɓa tambayarsu ba. Asibitocin yankin su ƙara layi ɗaya a katin mara lafiya: me ya sha kafin ya zo. Cikin shekara biyu wannan layin kaɗai zai nuna wace saiwa ce ke yawan biyo masu ciwon ƙoda da hanta. Fadar Yawuri da hakimanta na da bakin da masu magani za su ji fiye da na kowane jami'i, kuma ta hannunsu ne za a iya yarda a kan cututtukan da ba a tsayawa jiƙo: zubar jinin mai ciki ko mai jego, yaron da ke suma da zazzaɓi, saran maciji, shanyewar ɓarin jiki, da tsargiya, wadda ƙwayarta ta asibiti ke kashe tsutsar a sha ɗaya kuma ana raba ta kyauta a makarantu.

Akwai kuma abin da manoman Pengzhou ke yi wanda ba ya bukatar ɗakin gwaji ko kaɗan: suna shuka maganinsu. Mu tonowa muke yi, kuma wanda ya ɗebi ganye ya bar itace da rai, wanda ya tono saiwa sau da yawa ya kashe shi. Tsakanin masu gawayi da masu faɗaɗa gona da masu tonon sauyoyi, sanya da maɗaci na ƙara nisa da gari, idan kuma na ainihi ya yi wuya, mai kama da shi ne ke hawa tire, kamar yadda ta faru a Burasel. Shi ya sa a jerin sauyoyi ashirin ɗin nan ba zan fara da mai farin jini ba. Zan fara da duman dutse, kuma kafin sakamakon ya fito, a sauke shi daga tire.